Ranar da Na Kamo 'Yar Mutane a Bikin Djougou

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a Djougou ba, ko da tsufa zai sa in manta lambar wayata. Har yau in na tuna sai in ji zufa tana bin bayana.

Ni kayan babur nake sayarwa a Parakou, gidanmu yana Ladjifarani. Amma Allah ya yi mini baki. 'Yan zem, wato 'yan acaɓa, da ke taruwa ƙofar shagona su suka fara lalata ni, ina ba su labarin ɓarnar yarana suna faɗuwa daga kan babur don dariya. A hankali aka fara kirana biki da suna, a ba ni makirfo in yi minti goma a kan wahalar zama uba. Kaina ya kumbura, na fara jin ni wani ne.

To ga inda matsalar take. 'Yar farinmu tana Djougou wajen surukata Hajiya tun ranar da aka yaye ta. Kun san al'adarmu game da ɗan fari: ba ka kiran sunansa, ba ka wasa da shi a gaban mutane, ba ka ƙura masa ido. Ni kuwa na riƙe wannan al'ada hannu bibbiyu (don gaskiya ba ta da wahala, ko man babur ba ta ci). Shekara bakwai sai da sallah nake zuwa. In gaida Hajiya kaina a sunkuye, yarinya ta kawo ruwa, in ce "Allah ya yi albarka" ina kallon tabarma.

Matata, Maman Abdul, ita ce abin ke cin ranta. Tana son yarinyar ta dawo gabanmu ta shiga lakwal, wato makarantar boko, a Parakou da zarar an dawo daga hutu. Wata uku tana lallashin mahaifiyarta a waya, da ƙyar Hajiya ta ce, "Ku zo bikin ƙanwarki Sa'adatu, in an watse mu yi magana." Muna cikin mota Maman Abdul ta riƙe hannun rigata ta ce, "Baban Abdul, don girman Allah yau ɗaya ka kama bakinka." Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ai ni ba yaro ba ne.

Bayan la'asar an cika rumfa, an ci wasa-wasa da wagashi, cukun nan na Fulani, sai mai gabatarwa ya hango ni. "Jama'a, Tonton na Parakou yana nan!" Tonton, wato kawu, shi ne sunan da ake kirana da shi a fagen wasa. Aka hau tafi. Wallahi ƙafata ce ta tashi, ba ni ba. Na ciro wayata na miƙa wa wata yarinya da ke tsaye kusa da kujerata, na ce, "Ke, riƙe ki ɗauke ni bidiyo, kar ki girgiza hannu."

Na fara da ɗana Abdul, wanda ya jefa makullin shagona cikin tukunyar miyar kuka, muka yini muna nema har na tsince shi a lomata ta uku. Na bi da autanmu, wanda ba ya tuna yana jin fitsari sai na tayar da sallah. Mata suna riƙe ciki, tsofaffi suna share hawaye. Nan ne ya kamata in ajiye makirfo in zauna da mutuncina.

Ina! Dariya ta riga ta bugar da ni. Na ce, "Ai duk wannan wasa ne, ku tambayi uban 'ya mace! Kitso, lalle, takalmin da aka saya jiya yau ya matse, ni na san abin da na sha!" (Ban taɓa sanin ko da me ake biyan mai kitso ba.) Na ƙara da cewa, "Bari ma ku ga wadda ta tsofar da ni."

Na juya wajen 'yan mata. Sun fi goma, duk anko ɗaya, kore, ɗaurin ɗankwali ɗaya, kwalli da jan baki kamar injin ɗaya ya buga su. Na auna tsayi da ido, na kamo hannun wata na jawo ta tsakiyar fili. "Ga ta nan! Kamar an tsaga kara! Ku dubi hancin nan, ba nawa ba ne?"

Yarinya ta ce, "Tonton, sake ni." Sai wani dogon mutum daga dangin ango, mutumin Bariénou, ya miƙe a hankali ya ce, "Malam, yi haƙuri, hancin nan nawa ne."

Dariyar da ta tashi ban taɓa samun irinta ba a duk sana'ata, har mai kiɗa ya kifa kai a kan lasifika. Mutum biyu ne ba su yi ba: Maman Abdul, da ta rufe fuska da mayafi, da Hajiya. Hajiya ba ta nemi makirfo ba, daga kujerarta ta ce, "Baban Abdul, sake dubawa. Tana nan."

Na duba. Na sake dubawa. Ina bin fuskoki ɗaya bayan ɗaya kamar mai neman akuyarsa a kasuwar dabbobi. Sai na ji an taɓa gwiwar hannuna. Yarinyar da na ba waya ce. Ta miƙo mini da hannu biyu, ta ce, "Baba, ga wayarka. Ban girgiza ba."

Da aka watse maganar ba ta yi tsawo ba. Hajiya ta ce, "Ba zan ba da yarinya ga mutumin da zai iya ɓatar da ita a tasha ya komo gida da wata ba. Sai baɗi, in na ga ka yi hankali." Ba ni da bakin musu da suruka, ranar ma ba ni da baki gaba ɗaya. Daga Djougou har Parakou Maman Abdul hawaye kawai take sharewa, kuma hakan ya fi zagi ciwo.

Sai bayan kwana uku na iya buɗe bidiyon. Dab da zan kamo 'yar mutane, ana jin wata ƙaramar murya kusa da wayar tana cewa, "Baba, ga ni nan." Sau biyu ta faɗa. Ni ina can ina jiran tafi.

Yanzu duk mako biyu ina hanyar Djougou. Sunanta Nafisa, kuma ina faɗarsa da baki, duk da gwaggona tana salati tana cewa na zubar da kunya. Tana da wushirya, da ɗan tabo a girar hagu, ba ta cin wagashi. Na koyi cewa al'ada ta ce in kau da kai a gaban mutane, ba ta ce in yi shekara bakwai ban waiwayo ba. Hancin kuwa, na duba da kyau, na uwarta ne.