Farin Takalmi a Gindin Ginko

"Sannu da aiki, maigida. Ashe shara ka zo koyo?"

"Sannu da zuwa, tsohuwa. Wa ya bar ki kika shigo? Ai na ce wa masu gadi kada su bar kayan tarihi su wuce ƙofa."

Gaisuwar mahaifiyata Inna Malsun ke nan da jikanta Wonsik, bayan wata da watanni ba su ga juna ba. Ni gwaggonsa ce, ni na rako ta faretin da kwalejin soja ke yi duk lokacin kaka, ranar da ake barin dangi su shigo. Al'adar makarantar, kowane ɗan aji ɗaya ana ba shi bishiyar ginko guda a bakin hanyar fareti. Ganye ya zuba ba laifi, ado ne. Amma 'ya'yanta, waɗanda in an taka su ko kare ba ya tsayawa don wari, mai dubawa ya ga ko ɗaya a gindin bishiyarka to hutunka na Asabar ya tafi. Wonsik bai leƙa gida ba tun da ya shiga, kuma Asabar ɗin nan Inna za ta haɗa kimci, kabejin da ake cuɗawa da gishiri da yaji a adana don hunturu. Ta gaya wa duk unguwa sojanta ne zai ɗauko mata kabeji. Kewarsa ce kawai ke cin ta, amma gara a cire mata sauran haƙoranta da ta faɗa.

"Da na san mai tsintsiya na aura," in ji Inna, "da na tsaya wa mai sayar da kifin nan da ke so na."

"Shi ma don hancinsa ya mutu ne. Wannan kuma mene ne a ƙafarki? Kin shiga ƙungiyar masu gudu?"

"Takalmi ne, kurtu. Fari, sabo fil. A jaka na riƙo shi tun daga gida, sai a bakin ƙofarku na saka. Ko ƙura bai san ta ba."

"Mai shagon ya san shekarunki kuwa? Ai haya ya kamata ya ba ki."

"Ce mini ya yi, 'Yammata, wane aji kike?'"

"Sai a kai shi asibitin ido, ke kuma na kunne."

"Kai da suka aske maka kai kamar dankalin da aka fere? Matsa in tsince maka 'ya'yan nan, in gasa su in ci."

"Kada ki soma! Doka ce, dangi ba sa sunkuyawa. Bara uwar wani ta tsinci ɗaya, sai da ya ga dusar ƙanƙara kafin ya ga gida."

"To ka yi ta shara. In ba ka zo ba ma, ɗan maƙwabta ya fi ka ƙarfi."

"Ɗan maƙwabtan da ko yaye shi ba a yi ba?"

Ana haka aka busa usur. Wonsik ya kwashe sauran 'ya'yan ginkon, ya ajiye tsintsiya a bayan bishiya, ya ƙame. Daga nan ba motsi ba magana har fareti ya wuce. Inna ta zagaya shi tana dubawa kamar mai sayen akuya.

"Yau dai na samu miji mai ladabi. Wonsik, wa ya yi fitsari a gadona ranar bikin girbi ya ce kyanwa ce? Shiru? To ka amsa laifinka."

Kunnuwansa suka yi ja. Mai dubawa, wani dogon ɗan ajin ƙarshe mai suna Pyo, ya taho yana bin bishiyoyi ɗaya bayan ɗaya. Yana duba bishiyar da ke kusa da ta Wonsik, iska ta ɗan kaɗa, sai ga ɗan ginko guda, nunanne luguf, ya faɗo daidai gaban Wonsik. Na ga idon yaron ya sauka a kansa. Wallahi ya ba ni tausayi.

Inna ba ta sunkuya ba. Taku ɗaya ta yi, ta ɗora farin takalmin a kai, ta danna. Warin ya tashi har sai da na ji hawaye a idona.

Pyo ya iso. Ya dubi ƙasa, tas. Hancinsa ya motsa. Ya dubi ƙafar Inna, sannan ya rusuna mata.

"Kaka, ko za ki ɗan ja baya? Fareti zai wuce."

"Ɗan nan, ƙafar nan in ta tsaya sai ta ga dama take tashi. Likitoci ma sun haƙura."

"Amma wannan warin..."

"Tsufa ne. Kai ma yana nan tafe."

Wa ya isa ya ce wa sa'ar kakarsa ta ɗaga ƙafa? Pyo ya sara mata, ya wuce. Inna kuwa a nan ta tsaya cak har aka gama fareti, ita da gwiwar da ko layin bas ba ta iya jira da ita. Ba ta ga komai ba sai ƙeyar mutane.

Da aka sallame su ta ɗaga ƙafar da ƙyar. Ruwan ginko ya haura har igiyar takalmin, rawaya kamar ɗorawa, irin wanda ba ya fita.

"Kin ɓata takalminki, tsohuwa," in ji Wonsik.

"Santsi ne ya ɗebe ni. Kada ka ɗauka don kai na yi."

"Santsi mai taku ɗaya?"

"Haka yake zuwa wa 'yammata."

Ya yi dariya yana goge ido da bayan farar safar hannunsa, sannan ya durƙusa ya juya mata baya.

"Kin ci, uwargida. Hau in goya ki zuwa ƙofa."

Ta hau, takalmin na shafar wandonsa na fareti, mutane suna darewa suna toshe hanci.

"A hankali, kurtu, kada ka gaji," in ji ta. "Ranar Asabar kabeji ya fi ni nauyi."