Sabbin Tayoyi a Keken Suruki

Wani ne, mai jiki irin nawa. Ku daina kallon tumbina, irin nawa na ce, ban ce ni ba ne.

Ya sami aiki a wani shagon siminti can ƙarshen gari, ga shi ba abin hawa. Sai surukinsa ya ba shi aron keke. Wani tsohon keke ne baƙi, siriri, wanda tsohon ya fi kula da shi a kan haƙoransa. A ɗaki yake kwana, tsumman goge shi ma daban ne. Ran da zai miƙa masa sai ya riƙe sirdin, ya ce, "Ka ga 'yata? Na ba ka ita har abada. Amma wannan aro ne. Yadda ka karɓe shi haka za ka dawo da shi. In na ga ko kwarzane, kada ka ƙara tako ƙofar gidana."

Mutumin ya durƙusa ya ce, "In sha Allahu, Baba."

To, mu masu jiki kun san halinmu da siririyar taya. Da ya hau, sai ta lafe a ƙasa. Ya bi ta kan tsakuwa, fus! Ya bi ta kan ramin da bai kai tafin hannu ba, fus! Har ta kai mai faci in ya hango shi daga nesa, sai ya fara zuba ruwa a kwano. A shago kuwa abokan aiki suka sa shi gaba, wai in yana tafe kamar an ɗora buhun siminti a kan igiyar shanya. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, don ya san gaskiya ce.

Wata rana ya ga wani ya wuce a kan keke mai tayoyi manya-manya masu kauri, yana hawa duwatsu ko a jikinsa. Ya ce, "Yawwa! Ashe ba ni ne matsalar ba, taya ce." Wallahi da ni ne ma abin da zan ce ke nan.

Ya je kasuwa ya zaɓo waɗanda suka fi kowanne faɗi, ya rataya su a wuya ya nufi mai faci.

Mai faci ya dubi tayoyin, ya dubi keken, ya ce, "Yallaɓai, ba za su shiga ba. Dubi tsakanin ƙarafan nan biyu da ke riƙe da taya. Yatsana ma da ƙyar yake wucewa."

Ya ce, "Ni da har yau nake shiga wandon da na yi aure da shi, taya ce ba za ta shiga ba? Kai dai sa."

"Tsofaffin fa?"

"Na bar maka. Kada in ƙara ganinsu."

Mai faci ya lanƙwasa, ya tura, ya danna, ya yi gumi, tayoyi suka shiga ba iska. Mutumin ya ce, "Ka gani ko? Buga musu iska." Aka kama famfo. Taya ta kumbura, ta cika wurin tam, ta rungume ƙarfe hagu da dama. Ya juya ta da hannu, ko gezau.

Mutumin ya ce, "Murfin nan mai tare taɓo ne ya tokare ta. Cire shi."

Aka cire. Ko gezau.

"To birki ne."

Mai faci ya ce, "Shi kam a cire shi ba asara. Keken da ba ya tafiya, me zai yi da birki?"

Aka cire birki. Nan ma ko gezau. Sai mutumin ya ce a hankali, "To ko a mayar da tsofaffin?"

Mai faci ya nuna masa da leɓe. Ga su can a ƙasa, tun ana cikin bugun iska maƙwabcinsa mai gyaran takalmi ya yayyanka su.

Haka ya kinkimo keke ya kawo gida, birki da murfi da kusoshi a cikin leda. Matarsa ta leƙa ledar ta ce, "Maigida, me birkin Baba yake yi a nan?"

"Hutawa yake."

Ya shiga kicin ya ɗauko kwalbar mai, ya shafe gefen tayoyin har suna ƙyalli. Ya hau, ya tattara nauyinsa duka ya danna feda. Keke ya yi wata ƙara, ƙiiii, kajin maƙwabta suka watse. Ya matsa kamar taku ɗaya ya cije. Keken ya tsaya, mutumin bai tsaya ba. Sai ga shi a cikin kwandon wanki.

Da ya tashi ya duba, taya ta fara cin fenti a cikin ƙarfen. Ya ɗauko guduma zai buɗa ƙarafan. Matar ta naɗe hannu ta ce, "Buga mana. Amma ka nemi wanda zai raka ka gidanmu, don ni ba ruwana."

Ya ajiye guduma.

Da safe ya ce zai mayar wa mai faci a nemo sirara kafin tsohon ya ji labari. Ba dama ya hau, ba dama ya tura, don kowane juyi fenti yake ci. Sai ya saɓa keken a kafaɗa, ya rataya ledar a kansa, ya bi ta lungun baya inda ba kowa. Mai yana ɗiga masa a riga, feda tana sukarsa a haƙarƙari, yana nishi kamar ana yanka shi.

Yana karya kwana, sai ga surukinsa da sanda, yana ɗingishi.

Ka taɓa ganin mai ƙiba yana ƙoƙarin durƙusawa da keke a kafaɗa? Kada Allah ya nuna maka.

"Baba, ina kwana."

"Lafiya lau. Me nake gani haka?"

Mutumin ya gyara keken a kafaɗa. Ya ce, "Wallahi Baba, tausayinsa nake ji. Keken nan ya tsufa, ga ni da nauyi. Shi ne na saya masa tayoyi masu taushi, kuma wani lokacin sai in ɗauke shi ya huta."

Tsohon ya matso. Ya taɓa taya da sanda, ba ta motsa ba. Ya leƙa ledar. Ya dubi mai a rigar mutumin. Ya daɗe yana gyaɗa kai, sannan ya ce, "Kai, Allah ya yi maka albarka. Ashe haka kake tausayin tsofaffi?"

"Sosai, Baba!"

"To ai na girme shi. Sauke shi in hau, ka ɗauke mu tare."