Kabewar da Na Kai wa Surukata

Daminar farko bayan samun 'yancin kai, babana ya bar mani kula da kabewarmu a gonarmu ta garin Barmu, wadda ta yi iyaka da gonar surukaina. Ni kuwa na ɗauki abin kamar an ba ni mulkin Tawa.

Akwai wata ƙatuwa a bakin iyaka, ita na fi ji da ita. Na kewaye ta da ƙaya, har na hana kowa kusantarta. Abu ɗaya ya ɗaure mani kai: kullum sai in tarar da jan tsumma ɗaure a wuyanta. In kwance in jefar, gobe wani ya dawo. Na zargi ɓarayi, na zargi aljannu, amma ban taɓa bin yaɗon na ga inda gindinsa yake ba.

Da kaka ta yi, na yanke ta, na sa babbar riga, na ɗauka har gidan surukata. Na durƙusa na ce, "Inna, ga ɗan abin da gonarmu ta yi."

Ta dubi tsumman da na manta ban kwance ba, ta dubi jan zanenta da duk bakinsa ya yage.

"Allah shi yi albarka," in ji ta. "Ka hutar da ni ɗauko ta."

Na koma gida ina murna an yaba mani. Sai da matata ta gama dariya ta ce kabewar ta uwarta ce, yaɗo ne kawai ya ƙetaro iyaka.

Har yau, ko goro na kai gidan, sai ƙannen matata sun juya shi suna neman jan tsumma.