Ranar da Tukunyar Kuran ta Sa Na Kira Sunan 'Yar Farina

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe min sauran haƙoran da suka rage, da yinin da na shiga ɗakin amarya a Magarya riƙe da turnabis, ƙarfen nan na kwance kusoshi.

Sai ku fara sanin ko wane ne ni. A kasuwar Dogo-Dogo ni ne likitan radiyo. Lekol na yi aji huɗu, malamin ya ce in koma gona, ni kuma na ɗauka ya ga na gama ne. Ilimina na gyara ba shi da yawa amma yana da albarka: in radiyo ta ƙi magana a lasa pil, wato batir, da harshe, a shanya ta a rana, in ta ci gaba da taurin kai a mare ta. (Kada ku yi dariya, da wannan marin na ciyar da gida.)

To, Allah bai ba mu haihuwa da wuri ba, sai da furfura ta fara leƙowa muka samu 'yar farinmu. Kun san al'ada, tun ranar suna bakina bai taɓa furta sunanta ba. "Yarinyar nan" nake cewa, ko "ke". Da aurenta ya tashi da wani mai haɗa fanon hasken rana, wato sola, a Magarya, ni na nace a sa mikro-ond cikin kayan ɗaki, wato akwatin nan da ke ɗumama tuwo ba itace ba hayaƙi. Na sa aka kawo ta hannu daga Kano. Uwarta ta ce tukwane sun isa, na ce ita ba ta san zamani ba.

Washegarin kai amarya sai uwar ta same ni a masauki, murya ƙasa-ƙasa. Wai an jona akwatin, fitila ta kama, amma maɓallan gaban sun mutu, ko an danna ba sa ko tari. Ga shi bayan la'asar dangin ango za su zo ganin ɗaki, cikinsu da gwaggonsa Hajiya Ladi, wadda aka ce har murfin tukunya sai ta ɗaga. In ta danna abin ya ƙi, an gama: iyayen amarya sun kawo gawa cikin jere, kuma yarinyar ce za ta zauna da gorin.

Uwar ta ce ango ya ce a bari ya dawo daga aiki ya duba. Ni? In jira yaron da na girmi ubansa?

Uba ba ya taka ɗakin 'yarsa amarya, wannan ko mahaukaci ya sani. Amma da matan suka tafi maƙwabta wajen girki, na laɓaɓa na shige kamar ɓarawon kaji, da babbar rigata ta ɗaurin aure.

Na zare wayar daga bango, don ni ma na san kuran, wutar lantarki ke nan, ba abokin wasa ba ne. Na mari akwatin sau biyu, shiru. Na kwance kusoshin, na ɗaga murfin ƙarfen. A gefe akwai hoton walƙiya da rubutu ja, na dube shi na ce ado ne. Can ciki na hangi wani abu mai kama da gwangwanin madara an matse shi, da ƙahoni biyu. Na ce to ga pil ɗin, ashe nan ciwon yake. Wallahi har na fito da harshe. Abin da ya cece ni wuyana ne, ya ƙi shiga ramin. Sai na ce bari in ɗan karce ƙahonin da turnabis.

Ƙarar da ta tashi ban taɓa jin irinta ba sai ta bindigar mafarauta. Wuta shuɗiya ta tartso, na yi baya na auka kan jeren kwanukan amarya, suka zubo kaina ɗaya bayan ɗaya, kowanne da irin kukansa. A cikin wannan kiɗan ne na buɗe baki iya ƙarfina na kwaɗa wa 'yar farina kira. Da sunanta na yanka. Sau uku.

Kafin in cire murfin samira daga fuskata ɗakin ya cika. Amarya na bakin ƙofa ta toshe baki da mayafi. Uwarta ta juya wa bango fuska, kafaɗunta na rawa. Hajiya Ladi, wadda ta iso da wuri don a riske mu ba shiri, ta dube ni daga hula har takalmi.

"Sannu, Malam," ta ce. "Ashe ka san sunan nata. Mu dai ganin ɗaki muka zo, ba a ce mana har da uban amarya cikin jeren ba."

Aka kira ango. Ya shigo ya durƙusa, ya gaishe ni yana kallon tabarma, kuma duk bayanin da ya yi wa tabarmar ya yi. Wai gwangwanin nan kondansater ne, yana riƙe kuran ko an zare waya, irin wanda ke kashe mutum nan take. Sai wanda ya iya ya sauke shi da kayan aiki masu rufin roba kafin hannu ya shiga. Ya juya turnabis ɗina, bakin ya narke. Ya ce robar tayar moto da na naɗe mariƙin da ita ce ta tsaya min, bayan Allah. Zancen harshe ban faɗa masa ba.

Ya sauke kuran, ya leƙa bayan maɓallan. Wata siririyar waya mai faɗi ce girgizar hanya ta zare daga mazauninta. Ya tura ta da yatsa, ya rufe akwatin, ya jona. Hajiya Ladi da kanta ta danna, abin ya yi ƙara, ta ɗumama ƙosai ta cinye. Kayan yarinya sun fita kunya, ni kaɗai na kwashe ta duka na hau taksin Dungas da ita, na kama hanyar gida.

Yanzu duk abin da aka kawo min mai hoton walƙiya, nakan ce a kai wa surukina Magarya. Sunan kuwa, in kuna jira in rubuta muku shi a nan, ku tashi ku kama gabanku. Na riga na faɗe shi sau uku, kuma rabin Magarya sun ji.