Kujerar Makaɗi a Makokin Chibale

"…Sai haƙuri, mun gode. Kai kuma wa ya buɗe maka ƙofa? Ƙamshin tuwo ka biyo?" in ji Kangwa daga cikin masu makoki.

"Ƙamshin biri na biyo. Aka ce mini Bemba sun taru a unguwar Wusakile, na ce shi ke nan, yau ba sauran mai wutsiya a dajin Kitwe."

Kangwa, wanda ake kira Ba Kangwa don girmamawa, bai ko ɗaga kai ba. Muryar Lackson Jere ce, ɗan ƙabilar Ngoni, kuma ko cikin kabari aka kira shi da ita zai gane ta, ya juya mata baya. Yana zaune a benci cikin rumfar makoki, rana ta ɗan karkata, an dawo daga binne Chibale, mai jitar ƙungiyar Wutar Rami, wadda ta hana 'yan Kitwe barci da kiɗan rok a zamanin wando mai faɗin ƙafa. Mamacin ɗan ƙabilar Bemba ne, Kangwa ma haka, don haka hidimar gidan duk ta koma hannun taubasansu Ngoni. Su suka haƙa kabari, su ke kan tukwane, su ne kuma aka sakar wa baki su ci fuskar masu makoki har sai sun yi dariya. Mai makoki nasa zama ne da kuka. Ko tsintsiya ya ɗauka sai an ƙwace.

Jere ya tsaya a kansa da kwano cike da garin masara. Ya ɗebo ya shafa masa a goshi, ya ɗebo ya baɗa masa a sanƙo, sa'annan ya kifar da sauran kaf a kan cinyoyinsa. Baƙin wandon zuwa coci ya koma fari fat.

"Yauwa. Yanzu ka yi kama da mutum."

"Garin da za a yi wa marayu tuwo ka zubar, ɗan masu cin ɓera. Ko da yake wanda ya saba da bin rami ina ya san darajar rumbu?"

"Ɓera dai nama ne mai ladabi, ba ya kama da kawun kowa. Kai in ka zauna cin naku, ba ka jin kamar gaisawa za ku yi?"

Mutanen rumfar suka tuntsire da dariya, har da masu jajayen idanu. Kangwa ya yi yaƙe. Ba garin ne ya dame shi ba, ba kuma birin ba. Abin da ke cin ransa yana can ƙarshen rumfa: tsofaffin gangunan ƙungiyar, an fito da su daga ɗaki an jera, babbar ta ƙafa a tsakiya, faya-fayen ƙarfe suna ƙyalli, ga 'yar kujera guda ɗaya tal a bayansu. Matar mamacin, wadda ake kira Bana Lombe, wato uwar Lombe, ta ce kafin a watse a buga wa mijinta waƙar da aka fi saninsa da ita sau ɗaya, 'yarsa Lombe ta riƙe jitarsa. Daga yau kuma an gama, ba Wutar Rami har abada. Kuma a aljihun bayan Jere, ga sandunan kiɗa biyu sun leƙo kamar kunnuwan zomo.

"Waɗancan na tuƙa tuwo ne?" in ji Kangwa.

"Na tuƙa kiɗa ne. Ka zauna ka kalli yadda ake yi, ko ka koya a tsufanka."

"Ni zan koya a wurinka? Kujerar nan wa ya fara ɗumama ta?"

"Kaza ma tana ɗumama ƙwai, amma wani ke cin wainar."

Nan ne fa ciwon yake. Kangwa ne makaɗin ƙungiyar na farko, shi ya ƙirƙiro bugun waƙar nan da hannunsa a bayan gidan giya, a kan garwa da murfin tukunya. Sai kurar ɗaukar kaya ta ramin haƙar jan ƙarfe ta karya masa hannu. Aka ce Jere ya riƙe masa wuri kafin ya warke. Ana cikin riƙon wuri aka kira su Lusaka, aka ɗauki faifai, wanda shi ne kaɗai suka taɓa yi. A bayan faifan ga Jere nan da gashi tuli guda kamar kan bishiyar mangwaro, yana washe baki. Shekara arba'in da ɗoriya ke nan, amma in Kangwa ya ga hoton nan har yau sai ransa ya ɓaci. Kishi ne tsagwaronsa, kuma bai taɓa ɓoye shi ba.

"Aron kujera aka ba ka," ya ce. "Zanen aro kuwa ba ya rufe katara."

"Ya rufe tawa har Turawa suna zuwa neman faifan. Hassada ga mai rabo taki ce, Ba Kangwa. Dubi yadda na yi ƙiba da takinka."

"Kumburi ne. To tsaya in tambaye ka, tunda ka mai da kanka gwani. Da me ake gane makaɗin ƙwarai?"

"Da lokaci. Ya riƙe bugu kamar agogon ma'aikata, ba gaba ba baya. Ni in na fara, mata na iya ɗora tukunya su sauke da buguna."

"Agogo! Ku ji fa. To a ɗauko agogon bango a zaunar a kujerar mana, ba ya cin tuwo, ba ya sata. Makaɗi shi ne wanda in ya sauke sanda, mai ciki ta ji ɗanta ya juya."

"Kai dai ce wanda in ya sauke sanda sai an nemo mai ɗinkin fata. Ganga nawa ka fasa a Mufulira? Chibale har ramewa ya yi. Ba ka ji an ce in ganga ta cika zaƙi ta kusa fashewa ba? Taka ba ta ma jira zaƙin."

"Ta mutu a fagen fama. Taka tsufa ya kashe ta, ba ta taɓa sanin an doke ta ba. Shafa ta kake yi kamar mai lallashin jariri."

Wani dattijo a gefe ya ce su daina zagaye-zagaye, su jera makaɗan Kitwe kowa ya san matsayinsa. Ai kuwa kamar ya zuba kananzir a wuta.

"Sauƙi gare shi," in ji Jere, yana lanƙwasa yatsu. "Ni na ɗaya. Na biyu marigayi Dogo Mbewe na Kabwe, don in yana kiɗa ko tari ba ya yi sai a kan bugu. Na uku Sampa mai ido ɗaya. Na huɗu ruwan sama a kan kwanon rufi. Na biyar akuyar da ta taka garwa. Kai kuma muna duba takardunka."

"Mbewe? Don ɗan ƙabilarku ne? Mutumin da ke ƙirga bugu da leɓe kamar mai sayar da kifi? Sampa ya fi shi sau goma. An ɗauke wuta a Ndola, jita ta mutu, fitila ta mutu, Sampa shi kaɗai ya riƙe mutane suna rawa cikin duhu har aka dawo da ita. Wannan shi ne makaɗi. Kai da aka ɗauke wuta a Chingola me ka yi?"

"Na tsaya, kamar mai hankali."

"Ka tsaya ka laluba aljihun mai jitar bas!"

"Ƙarya kake, aljihunsa ba komai, na duba."

Rumfa ta sake kaurewa. Kangwa ya ga dariya ta dawo gefensa, sai ya yunƙura ya miƙe, gari na zuba daga jikinsa, ya nufi gangunan. Bai yi taku uku ba Jere ya sha gabansa, wasu zaratan matan Ngoni biyu kuma suka bar murhu suka kama shi ta kafaɗa, suka mai da shi benci daram.

"Ina zuwa, ɗan biri?" in ji Jere. "Gidan wa aka yi mutuwa?"

"Gidanmu."

"To aikin gidan na wa ne?"

Kangwa ya kawar da kai.

"Ban ji ba. Wa ya haƙa rami? Wa ya ɗebo ruwa? Wa ya faskara itace? Mu. Kiɗa aiki ne, gumi ake yi, har biyan mu ake yi a kansa in an ga dama. Mai makoki ba ya aiki. Ka naɗe hannu ka yi kukanka, mu mu yi maka wahala. Al'ada ce, ba ni na ƙirƙiro ta ba."

"Kiɗa ba aiki ba ne."

"To mene ne? Barci?"

"A hannunka aiki ne, shi ya sa yake fita kamar ana sassabe. Ni ban taɓa zama a kujerar can don aiki ba."

"A kai ƙara wurin uwar gida," in ji Jere.

Aka juya wurin Bana Lombe, wadda ke zaune a tabarma cikin mata, ita ma kanta fari da gari. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya da idanun da suka gaji.

"Ku biyun nan kun cinye wa mijina rabin rayuwarsa da gardamar nan, yau ma ba za ku bar shi ya huta ba? Ni ba zan karya al'ada ranar binne shi ba. Ngoni su yi aikinsu."

Shi ke nan, magana ta ƙare. Jere ya wuce yana taku ɗai-ɗai, ya kakkaɓe kujerar da hularsa don neman magana, ya zauna. Lombe ta rataya jitar ubanta, wadda ta kusa fin ƙarfin kafaɗarta. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: tana taɓa igiyar farko tsofaffin rumfar suka dubi juna.

Jere ya shiga. A faɗi gaskiya, mutumin ya iya. Bugunsa tsaf, ba ƙari ba ragi, daidai yadda yake a faifai. Wannan ne ma ya fi ƙona wa Kangwa rai. Da ma ya yi kuskure! Ya sunkuyar da kai, ya cije leɓe, ya ce a ransa ba zai saurara ba. Amma waƙar ta san hanyar gidansu. Ta kai shi bayan gidan giyar nan, ga Chibale siriri da jitar aro, yana cewa, "Sake buga wannan, Kangwa, sake bugawa." Bai san lokacin da tafin hannunsa ya sauka a cinya ba.

Gari ya tashi, bus.

Ɗaya hannun ya sauka. Bus. Diddigensa ya kama dukan ƙasa. Kowane bugu sai farin gari ya yi tsalle daga wandon, dama, hagu, dama-dama, hagu, har ya zama wani ɗan hayaƙi ya lulluɓe shi. Shi bai sani ba, idanunsa a rufe suke, hawaye sun tsaga hanya biyu a cikin garin fuskarsa. Kuma ba bugun faifai yake yi ba. Akwai wani ɗan jinkiri da yake sakawa kafin amshi, kamar numfashin mai shirin fashewa da kuka, wanda ba a taɓa ɗauka a faifan ba. Lombe ta ji shi ta gefen kunne, yatsunta suka bi shi ba da saninta ba. Bana Lombe ta dafe baki.

"Haka marigayi yake rera ta a gida," ta ce. "Da wannan tsayawar."

Jere ya ga kawunan mutane sun juya daga wurinsa. Ya bi idanunsu, ya ga taubashinsa cikin gajimaren gari yana dukan cinya. Ya ƙara bugu biyu, sai ya ɗaga sandunan sama. Jita ta yi shiru. Ba abin da ake ji sai tafin Kangwa, shi ma da ya farga ya tsaya cak, hannu a sama, kamar ɓarawon da aka haska wa fitila.

"Ku dube shi," in ji Jere. "An ce ya zauna ya yi kuka, ya tashi yana tankaɗe mana gari."

"Ƙaiƙayi nake ji. Garinku akwai ƙwari."

"Ƙaiƙayi mai amshi? Jama'a, ku yi mini shaida. Wannan aiki yake yi?"

"A'a!" in ji rumfa.

"Gumi ne a fuskarsa?"

"Hawaye ne!" in ji ɗaya daga matan da suka zaunar da shi, tana share nata da bakin zane.

Jere ya fashe da dariya har yana riƙe ciki, amma idonsa shi ma ya kawo ruwa. Ya taso ya zo gaban benci.

"To ni Ngoni ne ɗan Ngoni, na san al'ada. An ce in hana mai makoki aiki. Ba a ce in hana shi kuka ba. In da ganga yake kukansa, sai a ba shi ganga, kada ya ƙarar mana da wando." Ya miƙa sandunan. "Ungo. Mai wuri ya zo, mai tabarma ya naɗe. Ka riƙe su, na ba ka, dama sun gaji da ladabi."

Kangwa ya karɓa da hannu biyu. Sandunan da ɗuminsu. Ya buɗe baki zai yi godiya, Jere ya daka masa harara, don godiya tsakanin taubasai zagi ce.

"Kada ka ɗauka ka hau sama," ya ce. "Na sake jeri. Na kori akuya, na kori ruwan sama, na ture Mbewe. Kai ne na biyu."

"Na ɗaya fa?"

"Wanda ya san lokacin tashi daga kujera. Na gaya maka tun farko, lokaci shi ne komai."

"Ɓera dai bai taɓa fita rami ba tare da ya ɗauko wani abu ba."

"Je ka, kafin in tuna ni ne a bayan faifai."

Ba Kangwa ya zauna a kujerar. Ta yi masa ƙara kamar yadda take yi tun da can. Ya dubi Lombe, ya ɗaga sanduna, gari na zubo masa daga gira. Jere kuwa ya koma benci, ya zauna daidai wurin da ya tashi, ya naɗe hannu ya ɗaga murya.

"A hankali dai, ɗan biri. In ka fasa ta, ni za a sa ɗinki."