Wayar Yaya Ta Rasu Da 'Yar Gata A Cikinta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, irin wanda bai hana kowa cin abinci ba, mu mutanen gidan nan muke sanar da dangi, maƙwabta da abokan arziki rasuwar wayar Yayanmu, wadda rai ya yi wa halinsa ranar Talata da hantsi, a kan teburin mai gyara, bayan gajeriyar jinya. Ta shekara uku a hannun Yaya, ban da zaman da ta yi a gidan mai ita na fari, wanda dillali ya rantse bai kai wata biyu ba.

Marigayiya mai rufin asiri ce. Duk wanda ya san ɗakin Yaya ya san kusurwa ɗaya aka shafa wa farin fenti aka kafa furen roba. Sauran ɗakin sai a hankali, kwano ne ke tarar ruwan sama a bakin gado. Amma ba ta taɓa juya ido ta nuna wa duniya kwanon nan ba. Ta dalilinta dubban mutane suka san Yaya a matsayin babban dillalin takalma mai rassa, alhali abin da ya mallaka na takalmi shi ne wanda ke ƙafarsa. Waɗanda ake gani a hoto na mai shagon bakin layinmu ne, wani dattijon gwauro mai sanyin hali, wanda yake barin Yaya ya ɗebi kaya da safe, ya ɗauki hoto, ya mayar. In Allah ya kawo mai saye, Yaya ya ɗora nasa a kai. Sana'ar ke nan gaba ɗayanta, kuma a ƙofar shagon nan take rataye.

Ba za mu manta da muryarta ba. Tana ƙirrr tun kafin zakara, tana ɗil-ɗil ana tsakiyar gaisawa da baƙo. Daga bakinta muke jin masu ciniki suna cewa, "Nawa ne na ƙarshe?" sannan, "To, sai na waiwaye ka." Har ta koma ba su waiwayo ba. Daga bakinta kuma muke jin Yaya da kansa yana shela, "Jama'a, ku hanzarta, saura ƙafa biyu kacal!" Shekara uku ƙafa biyun nan suna saura. In za ta ɗauki magana, Inna kan dakata da wanke-wanke, Baba ya haɗiye tarinsa, yara su daskare kamar an yi musu kamu.

Sai a yi haƙuri, ba ita kaɗai ta tafi ba, akwai bayin Allah da suka rasu a cikinta. Da Yaya ya ga masu saye sun yi ƙaranci, sai ya ƙera su da hannunsa. Ya buɗe shafuka da sunaye iri-iri, wannan direba, waccan malamar asibiti, duk suna zuwa ƙarƙashin hoton takalmi suna zuba godiya. Fitacciyarsu ita ce 'Yar Gata, mai hoton fure a madadin fuska, wadda kowane mako take saya wa ƙannenta takalma. Ita ce ta rubuta wata rana, "Duk wanda yake zaɓo takalman nan ya san darajar ƙafar mutum."

Mai shago ya gani. Ya kuma san shi ne mai zaɓowa. Sai ya aika mata da gaisuwa.

Yaya ya kwana biyu yana juya maganar. In ya yi shiru dattijo zai ji an wulaƙanta shi, in ya faɗi gaskiya an rufe masa shago, furen roba kuwa ba ya sayuwa. Sai 'Yar Gata ta amsa gaisuwa. Tun daga nan marigayiya ba ta sake hutawa ba. Mai shago ya fara shafa turare, ya rage gemu, yana ware takalmin da ya fi kyau yana cewa, "Ɗana, sa wannan a gaba, tana son ruwan ƙasa." Yaya kuwa sai mu gan shi a tsakar gida, ƙaton mutum da shi, yana gumi yana rubuta, "Ka dai ci abinci ko?"

Ciwon ajali ya same ta ranar Asabar. Suna zaune su biyu a benci ƙofar shago, sai dattijo ya gyara hula ya ce, "Ɗana, rubutu ya isa haka. Yau dai zan ji muryarta." Ya danna kiran 'Yar Gata. Aljihun Yaya ya ɗauki ƙirrr. Yaya ya miƙe ya ce zai wanke hannu, sai marigayiya ta faɗa bokitin ruwan da ake yayyafa wa ƙofar shago. Kalmarta ta ƙarshe a ranar ita ce ɓul. Iyali sun tsaya a kan cewa faɗawa ta yi, ko da yake mai wankin mota da ke gefe ya ce shi bai taɓa ganin abu ya faɗi daga aljihu ta tafin hannu ba.

An kwantar da ita cikin ɗanyar shinkafa don ta tsotse ruwan, Inna tana mita. Yaya ya ce a sallama, kwana ya ƙare. Amma mai shago mutumin kirki ne, ga shi kuma 'Yar Gata ta yi ɗif, ya tabbata adireshinta yana cikin wayar nan tun da can ake kai mata kaya. Ranar Talata ya zo da kansa ya ɗauki mara lafiya, ya tasa Yaya a gaba sai wurin mai gyara. Yaya yana tafe yana roƙon dattijo, "Baba, a bar ta ta huta mana."

Mai gyara bai san hutu ba. Ya kwance ta, ya hura, ya gasa, sai ga ta ta buɗe ido. Abin da ya fara fitowa a fuskarta shi ne kiran mai shago da ba a amsa ba, a ƙarƙashinsa saƙonsa na ƙarshe ga 'Yar Gata, har da hoton zuciya. Dattijo ya sa tabarau ya karanta a tsanake. Yana gamawa ta rufe ido, ba ta sake buɗewa ba. Sau ɗaya ke nan ta faɗi gaskiya a rayuwarta, kuma abin bai karɓi jikinta ba.

Mai shago ya dubi Yaya ya ce, "Ashe kai ne kake tambayata ko na ci abinci."

Ta rasu ta bar caja ɗaya mai ɗaurin salatif a wuya, da riga ta roba da ta yi mata yawa, da mabiya dubbai waɗanda har yanzu ko ɗaya bai taka ƙofar gidan nan ba. Ta kuma bar Yaya, wanda babban yatsansa yake shafar tafin hannunsa shi kaɗai in ya zauna.

Mai gyara zai cire abin da ke da sauran amfani a jikinta, ragowar a sa ta a akwatin da 'yan uwanta matattun wayoyi suke, gobe da safe in Allah ya kai mu. Ba a bukatar rakiya. Za a karɓi gaisuwa a shagon takalma na bakin layi, daga buɗewa har rufewa, kullum, don dattijo bai kori Yaya ba, bai kuma kai ƙara ba. Cewa ya yi tun da ya iya yabon takalmi haka, ya zo ya riƙa yi da baki, da tsumman goge ƙura a hannu. Mai zuwa ta'aziyya ba sai ya sha wahalar nema ba, ya ɗan tsaya a ƙofa kawai, zai ji mai shago ya ɗaga murya yadda duk layi zai ji: "'Yar Gata, miƙo wa baƙo lamba arba'in da biyu."

Wanda ya amsa, shi ne mai makokin. Allah ya ba shi haƙuri.