Yadda Kallamu Ya Kawo Dukusa Daga Maigatari

Wani mutum ne a garinmu ana ce masa Kallamu. In dai zancen doki ne, to ku matsa ku ba shi wuri. Shi ne ya hau ingarman da ya kayar da mutum tara. Shi ne doki ke jin tarinsa daga bayan gari ya kama haniniya. Kakansa kuwa, in ji shi, a kan sirdi aka yanke masa cibi. 'Yan teburin mai shayi duk sun haddace labaran nan. Amma ka tambayi wanda ya taɓa ganin Kallamu a bayan doki, sai kowa ya dubi ɗan'uwansa. Mu dai abin da muka sani, jakin ɗibar yashi ya taɓa yar da shi a kwata, ya tashi yana cewa laifin akumari ne.

Ana nan sai Alhaji Dantani, mai dawakin sukuwa, ya fara neman wanda zai riƙe masa barga. Tsohon da ke kula da ita, Baba Tsalha, ciwon gwiwa ya sa shi gaba. Aikin kuwa ba na yarwa ba ne, ga ɗaki kyauta, ga tuwo, ga ɗinkin sallah. Kallamu kuwa shekara biyu ke nan yana kwana a zauren surukinsa, ana yi masa kallon hadarin kaji. Ya wanke ƙafa, ya ɗora malafa, sai gidan Alhaji.

"Alhaji, ranka ya daɗe, nemanka ya ƙare. Ni doki ɗan ɗakinmu ne."

Alhaji ya ce, "Madalla. Na sayi dukusa biyu a Maigatari. Ko shekara ba su yi ba, kuma ba su taɓa shiga mota ba. Ranar Alhamis ka bi Baba Tsalha ku ɗauko su. In suka sauka a ƙofar nan da ƙafafunsu, ko ƙwarzane babu, barga taka ce."

Kallamu ya ce, "Biyu kacal? Ai na ɗauka ashirin za ka ce."

Kafin Alhamis, babu wanda bai gaya wa ba. Har cewa ya yi 'yan teburin shayi su hallara ƙofar gidan Alhaji da la'asar, su ga aikin gado.

Suka isa kasuwa da hantsi. Ga dukusan a turke, ɗaya ja ɗaya baƙi, sai zabura suke, idanu waje. Kallamu ya gyara malafa, ya tunkari jan ta baya, wurin da ko mahaukaci ba ya bi wa doki. Fyau! Kofato ya wuce ta gefen kunnensa.

"Gaisuwa ce," in ji Kallamu. "Ya ji ƙanshin jinin kakana."

Bakinsa ke nan. A ransa kuwa cewa yake yi: Wannan abin ne za a kulle shi da shi a bayan mota, tafiyar awa biyu? Ya matsa kusa da tsohon, ya yi ƙasa da murya.

"Baba, ku a zamaninku ba ku ɗan ba su abin barci?"

Baba Tsalha ya dube shi sama da ƙasa. Ya ce, "Kallamu, doki a mota da ƙafarsa yake riƙe kansa. Ka kashe masa jiki, ramin farko zai kife, ɗan'uwansa ya taka shi. Dokin da ya karye kuwa, sai dai wuƙa. In ma ta kama dole, likitan dabbobi ke yi, da awo. Waɗannan haƙuri kawai suke so."

Kallamu ya ƙyalƙyale da dariya. "Gwada ka nake, Baba. Ka ci."

Yana juya baya, sai wurin wani mai tallan magani a tire. Ya ce a ba shi ƙwayar barci wadda za ta kwantar da raƙumi. Aka cika masa tafi. Ya laɓe bayan rumfa, ya dandaƙe ta da dutse, ya zuba a ƙwaryar ruwan kanwa da dusa, ya motsa. Dabararsa ita ce, in sun sha jikinsu ya mutu, sai ya yi musu raɗa a kunne gaban jama'a, ya ce asirin kakansa ne.

Baba Tsalha yana bayan kanta, motar da za ta ɗauki dukusan, yana shimfiɗa yashi da ƙaiƙayi don kada kofato ya zame, sai ya hango shi da ƙwarya.

"Mene ne wannan?"

"Ruwan kanwa ne, Baba. Haɗin gidanmu."

"To, ɗanɗana."

Kallamu ya ce, "Na'am?"

"Ɗanɗana mana. Wane mai doki ne ke ba dukushi ruwan kanwa bai kai bakinsa ba? In ta yi yawa ai zawo za ta sa su. Ko kakan naka bai koya maka wannan ba?"

Dillalan dawaki suka fara matsowa, don kowa a cikinsu haka yake yi. Kallamu ya dubi ƙwarya, ya dubi mutane. In ya ce akwai magani, barga ta tafi. In ya sha, Allah kaɗai ya san inda zai farka. Gaba kura baya sayaki. Ya tsoma leɓe, ya ɗago da sauri.

"Daidai take."

Wani dillali ya ce, "Haba malam, wannan ai shan kaza ne. Kanwa ƙasa take kwanciya. Motsa ka sha sosai."

Girman kai rawanin tsiya. Kallamu ya motsa, ya kafa kai. Maƙwat! Maƙwat! Maƙwat! Ya goge baki, ya ce ko kakansa bai taɓa haɗa mai daɗin wannan ba. Sannan ya miƙa wa baƙin dukushin. Baƙin ya sansana, ya yi furr da hanci, ya sa kai ya ture ƙwaryar. Ta kife, ƙasa ta shanye sauran. Dabba ta fi shi hankali, ko ɗigo ba ta sha ba.

Baba Tsalha ya koma wurin mota. Ya sa direba ya jingina bayan kanta da wani tudu. Ya ɗauki damin harawa, yana shafa wuyan jan yana yi masa magana, taku ɗaya, a tsaya, taku ɗaya, a tsaya, har ya shige. Baƙin ya ga ɗan'uwansa ciki, ya bi. Ya gitta itace tsakaninsu, ya ɗaure ragama da ɗan sassauci. Duk wannan Kallamu yana gefe yana ba da umarni, harshe na yi masa nauyi.

"Ni zan... zauna a baya. In suna jin muryata... ba za su motsa ba."

Aka cicciɓa shi ya hau. Abin da ya iya tunawa na ƙarshe shi ne direba ya tayar da mota.

La'asar sakaliya motar ta tsaya a ƙofar gidan Alhaji. Jama'a maƙil, 'yan teburin shayi a sahun gaba, har surukin Kallamu ya zo ganin ranar da zai samu zaurensa. Aka buɗe baya. Ga dukusa tsaye cas a kan ƙafafunsu, jan yana tauna wani abu. Aka duba da kyau, ashe ragowar malafar Kallamu ce. Shi kuwa gwanin yana kwance rashe-rashe a ƙarƙashinsu, baki hangame, kashin doki ɗumi-ɗumi a ƙirjinsa, munshari kamar injin niƙa.

Dukusa suka sauko da ƙafafunsu. Kallamu sai da ƙarti huɗu suka ɗauko shi, biyu hannu biyu ƙafa, suka shimfiɗe a gaban Alhaji. Aka sheƙa masa bokitin ruwa. Ya buɗe ido ɗaya.

"Kada kowa ya ji tsoro," in ji shi. "Ina riƙe da su."

Ya koma barci. Surukinsa ya ja hula ya rufe fuska.

Alhaji Dantani ya juya wurin tsohon. "Baba Tsalha, me ya faru haka?"

Baba Tsalha ya dafa gwiwa, ya ce, "Alhaji, yau na janye maganata. Shekara arba'in ina cewa maganin barci ba shi da amfani a tafiya, ashe yana da shi. Dabba uku na ɗora a Maigatari, wadda ta fi damun mutane ita ta sha, kuma har muka iso ko haniniya ba ta yi ba."